An Kulle Kiran Sallar Suraj

Shafi na 23

Masu cika min waya da saƙo kuna tambayar ina shafin yau, ga shi nan, ku bar ni in sha kokona cikin kwanciyar hankali. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto daga Asawase cewa in Mubarika ba ta yi kuka a wannan shafin ba kin daina karantawa, Allah raka taki gona. Kuka ba famfo ba ne da zan murɗa miki. Mubarika ce ke magana, ku saurare ta.

*

Yau kwana hamsin da biyu da binne Suraj, kuma har yanzu ban yi kuka ba.

Ba jarumta ba ce, kar wani ya yabe ni. Mata sun zo gaisuwa suna leƙen idona, na ba su ruwa sun sha sun tafi. In an ajiye min abinci in ci, in ba a ajiye ba ba na nema. Cikina wata tara. Yaro ya shura, in ɗora hannu a wurin, in ji kamar ƙofar maƙwabta ake ƙwanƙwasawa.

Abu ɗaya na riƙe, laftof ɗinsa.

Shekara goma sha ɗaya Suraj yana ladanci a masallacin layinmu. Da ciwon ƙirji ya ci ƙarfinsa, ya san ba zai ga haihuwar nan ba, sai ya ɗauki muryarsa ya ajiye a cikinta. Abu biyu ne. Kiran sallar da uba ke yi wa jariri a kunne, da sunan da ya zaɓa wa yaron, don hoton asibiti ya riga ya nuna namiji ne.

"Kar ki riga shi ji," haka ya ce min. "Nasa ne. Ranar da ya faɗo ki kunna masa."

Na riƙe alkawari. Ko sau ɗaya ban buɗe ba.

Yau Alhamis na tashi da ciwon baya. Jiya nas ta ce min daga yanzu kowane lokaci ne, in haɗa jakata. Na haɗa zannuwa da kayan jariri, sai na ce bari in duba ko laftof ɗin tana da caji, in ga dai abin yana nan inda ya bar shi.

Ba caji. Na jona ta da wuta, na kunna. Fuskar ta yi ja jawur.

Rubutu ne da Turanci, da agogo yana ƙirgawa baya. Na ture shi gefe na duba kayan ciki. Hotunan bikinmu, takardun masallaci, da wurin da ya rubuta "Na yaro", duk sun koma fararen takardu marasa fuska. Na danna, ba abin da ya buɗe. Na sake dannawa.

Ban firgita ba. Na ɗauki waya na kira Huda, na ce ta zo.

Huda ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, gyaran kwamfuta take yi a wani shago a Ashanti New Town. Kafin hantsi ya gama ɗagawa ta iso, jakarta a baya, gumi har wuya. A baranda ta same ni kan tabarma. Ko zama ba ta yi da kyau ba ta jawo laftof ɗin gabanta.

Ta karanta jan rubutun. Ta ɗago kai.

"Yaya."

"Na'am."

"Wa ya taɓa wannan?"

"Ba kowa."

"Wani ya taɓa. An kashe mai gadin."

"Wane mai gadi kuma?"

"Kowace kwamfuta irin wannan da mai gadinta take zuwa daga kamfani, a cikinta yake. Shi ke tare ƙwayar cuta kafin ta shiga. Ni da kaina na duba wa Yaya Suraj shi wata huɗu da suka wuce, lafiyarsa ƙalau, yana sabunta kansa. Yanzu ga shi a kashe. Kuma ba shi ya kashe kansa ba, hannu aka sa."

Ta juyo min da fuskar. A can ƙasa akwai wani ɗan hoton zaki mai buɗaɗɗen baki da ban taɓa gani ba.

"Wannan fa? Ke kika sa?"

"Ni da ko kunna ta ban yi ba tun rasuwar?"

"To ta fita daga ɗakin nan?"

Na buɗe baki zan ce a'a, sai na tuna.

"Asabar," na ce. "Yaya Muniru ya karɓa. Ya ce zai kai a yi mata sabis."

"Sabis?" Huda ta maimaita. "Mota ce?"

"Haka dai ya ce. Lahadi ya dawo da ita a nannaɗe cikin tawul."

Huda ta rufe ido, ta ce innalillahi a hankali.

"Kira shi."

Yaya Muniru yayan Suraj ne. Shi ya raine shi tun ubansu ya rasu, shi ya sa shi makaranta, shi ya tsaya masa a aurenmu. Bakanike ne a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota a nan Kumasi, shekara talatin yana kwance a ƙarƙashin mota, kowa a can Masta yake ce masa. Tun da aka yi rasuwar nan bai taɓa fashin zuwa ba. Kullum da yamma zai tsaya a bakin baranda da leda a hannu, ayaba ko fura, ya ce "Amarya, ya jiki?" ya ajiye ya tafi. Shekara shida da aurena har yau Amarya yake ce min.

Da na kira shi bai tambayi dalili ba. Ya ɗauka haihuwa ce.

Da kayan aiki a jikinsa ya shigo, baƙin mai har gwiwar hannu, yana haki.

"Amarya! Lokaci ya yi? Ga mota a waje, na aro ta wani kwastoma."

"Ba shi ba ne, Yaya. Zauna."

Ya ga laftof a gaban Huda. Ya ga jan. Ya zauna a kan benci, a bakin-baki.

"Masta, ina kwana," in ji Huda.

"Lafiya. Me ya samu injin?"

"Abin da zan tambaye ka ke nan. Me ka yi mata ranar Asabar?"

"Tsaro na ƙara mata."

"Wane irin tsaro?"

"Antibairos. Mai ƙarfi paa, ba na wasa ba. Dramani mai sayar da fitilun mota ya ba ni a filashi. Ya ce shi ne wanda bankuna ke amfani da shi."

"Ya saya?"

"Ina! Kyauta ya samo a intanet, an riga an fasa shi, ba ka biyan ko sisi. Yaron yana da kai."

Huda ta dube ni. Ni kuma ina kallon wata tururuwa tana jan ɓurɓushin burodi a gefen tabarma.

"To shi wanda ya zo da ita fa, Masta? Mai gadin kamfani?"

"Na cire."

Haka ya faɗa, kai tsaye, kamar an tambaye shi ko ya ci abinci.

"Ka cire."

"Na kashe shi dai. Sabon ya ƙi zama sai an kashe tsohon. Shi kansa ya rubuta haka."

"Ba ka tsaya ka tambayi kanka ba, wane irin mai gadi ne zai ce sai an kori na bakin ƙofa kafin ya shigo?"

Yaya Muniru ya gyara zama. Na san wannan gyaran zaman, da shi yake yi wa masu mota bayani.

"Huda, ke yarinya ce, bari in gaya miki. Injin nan daga Jamus ɗan kawunmu ya aiko da shi. Kayan Turai kuwa ni na san su. Mota in ta sauka daga jirgi aka kawo ta Magazine, abu na farko da muke yi shi ne mu buɗe gaba mu cire tamostat. Wani ɗan ƙarfe ne mai riƙe ruwan inji sai ya yi zafi. Na ƙasar sanyi ne. Mu nan da rana ke gasa mu me za mu yi da shi? Mu cire mu jefar, mota ta sha iska. Shekara talatin ina yi. Duk abin da Bature ya sa a ciki, don ƙasarsa ya sa. In kaya ya zo nan sai an gyara shi ya zama na nan."

"Wannan ba mota ba ce."

"Inji inji ne."

"Ɓarawon intanet ba ruwansa da zafi ko sanyi, Masta! Wanda ke sata a Jamus shi ke sata a Kumasi, daga kujera ɗaya. Kuma ko motar ma, waɗanda suka ƙera ta ba mahaukata ba ne."

"To na ji. Amma abin da aka ba ka a banza, an liƙa shi a ciki ba ka biya ba, yaya za a yi ya kai wanda aka yi musamman don aikin? Shagona kwaɗo biyu nake sa masa. Kwaɗo ɗaya ba ya tsare dukiya."

"Ba a banza ba ne, kuɗinsa na cikin kuɗin injin. Kuma ga mutum irin Yaya Suraj, da ba ya kwashe-kwashen banza a intanet, wannan ɗin ya ishe shi har ya yi yawa. Shekara uku tana hannunsa, ko tari ta taɓa yi? In mutum yana son ƙari, akwai na gaskiya, a wurin masu shi ake samu, ba a filashin mai fitila ba. Kai ba kwaɗo biyu ka sa ba. Kwaɗon da ke jiki ka ɓalle, ka kira ɓarawo ka ce ya zo da nasa."

Wata maƙwabciya da ke wanki a bakin famfon tsakar gida ta daina cuɗawa.

Ni dai ina zaune. Ina jin su kamar rediyon wani ɗaki.

"Ba ta yi maka gargaɗi ba?" in ji Huda. Muryarta ta sauka.

Yaya Muniru ya sosa ƙeya da bayan hannu.

"Ta yi ta fito da wani abu a gefe."

"Sau nawa?"

"Uku. Ko huɗu."

"Me ya ce?"

"Ban karanta duka ba. Dramani ya ce haka na kamfani ke yi, ba ya son a kawo wanda ya fi shi. Ya ce in danna in wuce."

"Sau huɗu yana ce maka ga ɓarawo."

Ya kawar da kai, Huda ta ci gaba.

"Bayan nan fa?"

"Sai ya fara aiki. Wani koren layi yana tafiya a hankali, zakin yana juyawa. Kusan awa biyu. Na ajiye ta a kan tebur nesa da mai, na hana kowa zuwa kusa. Na ce alhamdulillahi, yana wanke ta tas. Kafin ya kai ƙarshe-ƙarshe batir ya mutu, sai na naɗe ta."

"Ba wanki yake yi ba, Masta."

"Me yake yi?"

"Kullewa. Ɗaya bayan ɗaya, kana zaune kana gadinsa."

Ya dubi hannuwansa, ya goge su a wando, man bai fita ba.

"Har da..." ya ce. Bai ƙarasa ba.

"Har da na yaro," na ce.

Wannan ce magana ta farko da na sa baki. Muryata ta fito sumul, kamar ina faɗin farashin tumatir.

"To a buɗe mana!" Ya miƙe tsaye. "Duk abin da aka kulle ana buɗewa. Ni motar da makullinta ya faɗa rijiya na tayar. Huda, ba aikinki ba ne?"

"Wannan makullin ba ya cikin injin. Yana hannunsu."

"Su wa?"

"Allah kaɗai ya san su. Ga shi sun rubuta, a biya su kafin kwana uku."

"A biya! Zan sayar da janareto da injin walda. Yau ɗin nan."

"Ka sayar, ka tura, su yi shiru. Wa za ka kai ƙara? Mutumin da ya zo maka da rigar mai gadi ya yi maka sata, alkawarinsa za ka riƙe? Wani ya biya an buɗe masa, wani ya biya ko amsa bai samu ba. Abin da zan iya shi ne in cire ma'ajiyar da ke cikinta in adana. Wani lokaci ana kama irinsu, makullin ya fito, kowa ya buɗe nasa."

"Yaushe?"

"Wata shida. Shekara biyu. Ko ba ranar."

"Yaron nan ba zai jira shekara biyu ba," na ce.



Huda ta juyo gare ni.

"Yaya, ba wani wuri da ya ajiye kwafi? Wayarsa? Filashi? Bai tura wa kowa ba?"

"A cikinta ya ɗauka kai tsaye. Ya ce waya ana sacewa."

Daidai nan lasifikar masallaci ta yi ƙara, aka fara kiran azahar. Sabon ladanin ne. Yaro ne mai kirki, yana ƙoƙari, amma yana saurin yanke numfashi, kuma ba ya jan ƙarshen kalma. Kullum in ya fara nakan tashi in rufe taga. Yau a baranda nake, ba tagar da zan rufe. Muka zauna mu uku muka ji shi har ya gama.

Yaya Muniru ya koma kan benci. Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Ƙato guda, mai ɗaga giyar mota da hannu. Na dube shi ina jiran haushi ya zo min. Wallahi na jira. Na ce ko zagi ɗaya ne ya taso in sauke masa, in ji ni ma mutum ce. Ba abin da ya zo. Bayana ne kawai ya sake ɗaurewa, ya riƙe na ɗan lokaci, ya saki.

"Amarya, ki yafe ni."

"To."

"Ki ce wani abu mana. Ki zage ni."

"Me zan ce, Yaya? Ka cire, ka cire."

Huda ba ta daina danne-danne ba. Ta sa wani filashi nata, ta kashe injin ta tayar da shi ta wata hanya, jan ya ɓace. Tana bin ɗakunan ciki ɗaya-ɗaya, tana tsaki. Can sai tsakin ya tsaya.

"Tsaya."

Ta matso da fuska.

"Yaya, tsaya."

"Ina zaune ai," na ce.

"Kwandon shara. Inda abin da aka goge yake zuwa kafin a zubar gaba ɗaya. Ba su taɓa shi ba. Da yawansu ba sa bi ta nan, suna ganin ba kaya a ciki."

"Akwai wani abu?"

"Abu ɗaya. Murya ce. Minti ɗaya da daƙiƙa arba'in."

Ta karanto ranar. Talata ce, ranar awona. Na tuna na dawo daga asibiti na same shi a kwance ya gaji tilis, ya ce min barci ya yi.

"Shi ya goge ta," in ji Huda. "Da hannunsa. Bai dai zubar da kwandon ba."

"Kunna," na ce.

"Yaya, alkawarin fa?"

"Wanda ya ajiye ya ce kar in ji. Wannan zubarwa ya yi. Kunna."

Ban ga lokacin da Yaya Muniru ya taso ba. Sai ganin hannunsa na yi a kan murfin laftof ɗin, baƙi ƙirin a kan farin ƙarfe.

"Amarya, kar ki ji wannan."

Na ɗaga kai na dube shi.

"Ka san abin da ke ciki ne?"

"Don Allah. Ba ya so ki ji."

"Ɗauke hannunka, Yaya. Abin da ka taɓa ya isa haka."

Ya ɗauke. Yatsunsa huɗu suka bar shaida a kan murfin.

Huda ta danna.

Da farko shuuu kawai, da ƙarar fankar ɗakinmu, wadda take ƙyas-ƙyas in ta juyo. Sai gyaran murya.

Allahu Akbar, Allahu Akbar.

Shi ne.

Ba da ƙarfin lasifika ba. A hankali, kamar yana magana da wanda ke barci. Amma jan nan nasa yana nan, wanda in ya kama ƙarshen kalma sai ya kai ta har bakin titi kafin ya sake ta. Matar bakin famfo ta saki bokiti. Huda ta toshe baki da gyale.

Yaron cikina ya juya gaba ɗaya.

Ya yi shahada ta farko. Ya yi ta biyu. Ina jin yadda yake tattalin numfashi, yana ɗiba kaɗan-kaɗan. Ya kai hayya alas salah, ya ɗauko ta, ya kai tsakiya.

Sai tari.

Tarin nan da na sani, mai fitowa daga ƙasan ƙirji, ba ya tsayawa sai ya ga dama. Ya yi ta yi. Aka ji ƙarar kofi.

"Yaya, kashe." Muryarsa ta dishe. "Kashe, goge wannan. Kar yaro ya fara jin ubansa da tari."

Sai wata murya, kusa da injin, mai kauri.

"Sha ruwa tukuna. Ba sauri muke ba. Mu sake."

Ƙit. Ya ƙare.

Na daɗe ina kallon wurin da layin muryar ya tsaya a fuskar laftof. Sannan na juya.

Yaya Muniru yana tsaye ya jingina da ginshiƙin baranda, hawaye ya yi hanya biyu a cikin man fuskarsa.

"Muryarka ce," na ce.

"Tawa ce."

"Kana wurin."

"Ni na riƙe masa injin. Hannunsa ba ya iya ɗagawa."

"Ba ka taɓa gaya min ba."

"Ya ce kar in faɗa. Ba ya so ki san ya sha wuya kafin ya yi."

"Sau nawa kuka yi?"

"Bakwai. Na bakwai ne ya fita daidai, daga farko har ƙarshe, ko tari ɗaya babu. Wallahi Amarya ko lokacin da yake da lafiya bai taɓa yin irinsa ba. Sauran duk mun zubar. Wannan ne ban san ya maƙale ba."

Na bakwai. Na yi ƙoƙarin jin zafin wannan maganar, ta wuce ta kaina kamar ba da ni ake ba. Wani abu dabam ne ya tsaya min.

"Har ƙarshe kana wurin?"

"Har ƙarshe."

"To ka ji sunan."

Ya share fuska da gefen riga.

Huda ta sauke gyale daga bakinta.

"Masta! Ka ji? To alhamdulillahi, ai rabin abin ya dawo. Faɗa mana!"

"Ba zan iya ba."

"Ya sa ka rantse ne?" na ce.

"A'a."

"Ka manta?"

"Ina ma na manta."

Bayana ya sake ɗaurewa, wannan karon ya zagayo har mara. Na dafa ƙasa da hannu biyu na jira ya wuce. Bai wuce da wuri ba.

"Yaya, lafiya?" in ji Huda.

"Bar ni. Yaya Muniru, ina jinka."

Ya durƙusa a gaban tabarma. Tunda nake ban taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba sai a sallah.

"Kin san me ya sa na ɗauki injin nan ranar Asabar? Ni ba ruwana da kwamfuta, ko wayata yarana ke danna min. Tun da aka binne shi ba na samun sukuni. Kullum ina tunanin in wani abu ya samu injin nan fa? In ya lalace, ni kaɗai na rage da na ji. Kuma in daga bakina ya fito, ba wanda zai yarda. Shi ya sa na ce bari in ƙara masa tsaro, ki ji daga bakinsa, ba daga nawa ba."

"Me zai hana a yarda?"

"Na roƙe shi ya canza. Na ce ga sunan Baba, ga sunan mahaifinki, ga sunayen Annabawa. Ya yi dariya, ya ce shi ba shawara yake nema ba."

"Yaya."

"Yanzu kuma ni na kashe muryar da hannuna. In na faɗa, ke kanki za ki ce na ɓata ta ne don in sa abin da nake so. Ko ni ne a matsayinki haka zan ce."

"Sunan wa ya ce?"

Ya dubi laftof ɗin, ya dubi shaidar yatsunsa a kan murfin. Bai dube ni ba.

"Muniru," ya ce. "Ya ce a sa masa Muniru."

Huda ce ta fara ganin ruwan yana bin tabarma. Faya ta fashe.